Jirgin arha ya yi latti awa biyar, a kai su kotu ko a haƙura?

Kawu: Ni dai ra'ayina ɗaya ne, duk wanda ya sayi tikitin arha to ya sayi latti tare da shi. Araha ba ta ado. Auta na ji kana ta maganar kotu, wallahi kuɗin lauya kaɗai sai ya ninka kuɗin tikitin sau nawa, ka haƙura kawai.

Auta: Kawu ba maganar kuɗin tikiti ba ce fa. Daga Italiya zuwa Jamus, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, suka zaunar da mu awa biyar babu wanda ya fito ya yi mana bayani, akwai wata baiwar Allah da jariri yana ta kuka madara ta ƙare mata, sai can ƙarshe wani ma'aikaci ya ce wai inji ne ya samu matsala. Ko ruwan sha ba su bayar ba.

Barista: Kawu da girmanka amma a nan doka ba ta tare da kai. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, kuma ba ruwanta da nawa ka sayi tikiti, nisan tafiya take kallo. Diyyar da ta tanada, kilomita 1,500 zuwa ƙasa yuro 250, daga nan zuwa 3,500 yuro 400, mai nisa sosai yuro 600. Asalin dokar ta fi magana kan soke jirgi da hana mutum shiga, sai a 2009 kotun Tarayyar ta ce wanda ya isa da lattin awa uku zuwa sama shi ma a biya shi. Ko tikitin yuro 30 ne a hannunka haƙƙin yana nan.

Hajiya Umma: To Barista idan abin haka yake da sauƙi me ya sa kowa bai karɓa ba? Ai kamfanonin nan kullum da uzurinsu, yau iska gobe hazo.

Barista: Hajiya uzurin yana da iyaka. Mummunan yanayi, yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage, tsuntsu ya faɗa cikin inji, waɗannan kam an yarda ba laifinsu ba ne, ba diyya. Amma lalacewar inji ta yau da kullum kotu ta ce tun 2008 ba uzuri ba ne, gyaran jirgi ai aikinsu ne. Kuma su ne za su kawo hujja ba fasinja ba. Ko da ma yanayin ne, abinci da abin sha bayan awa biyu a gajeriyar tafiya dole ne, in an kwana otal ma dole ne.

Kawu: Duk na ji. Amma yuro 250 ne fa, mutum ya bar aikinsa yana zaryar kotu wata da watanni a kan wannan? Su suna da lauyoyi na dindindin albashi ake biyansu, kai kuma kai kaɗai.

Auta: Ai abin da suke so kenan Kawu, kowa ya ce ƙaramin kuɗi ne ya tafi. Jirgin nan cike yake, ka lissafa 250 sau yawan mutanen ciki ka ga abin da suka riƙe in kowa ya yi shiru.

Hajiya Umma: Ni abin da ke damuna daban ne. Jiragen arhan nan su ne suka sa talaka ma yake iya hawa jirgi, in kowa ya taso da ƙara ai a kan tikiti za su fanshe, mu ɗin dai za mu biya.

Barista: Dokar ta yi sama da shekara 20 tana aiki Hajiya, kuma jiragen arha ba su mutu a Turai ba, ƙaruwa ma suka yi. Matsalarsu ita ce jirgi ɗaya suke sa wa sawu da yawa a rana, ya sauka ya juya cikin minti 25 ko 30, latti kaɗan da safe kafin dare ya zama awa uku. Tsarin da suka zaɓa ne, bai kamata fasinja ya ɗauki asararsa ba. Amma inda na yarda da Kawu, kotu ba ita ce farko ba. Auta ka cike fom ɗin neman diyya a shafinsu, ka ajiye katin shiga jirgi da rasit na duk abin da ka ci, ka nemi su rubuto maka dalilin lattin. Lokacin isa kuma ba sanda tayar jirgi ta taɓa ƙasa ake ƙirgawa ba, sanda aka buɗe ƙofa ne, hukuncin 2014 ne wannan. In sun ƙi ko sun yi shiru sai hukumar jiragen sama ta ƙasar da ka tashi. Daga nan ne kotu, kuma akwai tsarin ƙananan ƙararraki na Turai har yuro 5,000, galibi a rubuce ake yi ba sai da lauya ba.

Kawu: To wanda jirginsa ba daga Turai ya tashi ba fa?

Barista: Nan ne lissafin ke canzawa. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Tarayyar, ko mai shigowa in kamfanin na can ne. Birtaniya tana da irinta, da kuɗinsu na fam ake biya. Amurka ba ta da diyyar latti irin wannan, sai dai a mayar maka da kuɗinka in lattin ya yi yawa ka fasa tafiyar. Tsakanin ƙasa da ƙasa akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999, amma a can sai ka nuna asarar da ka yi da takardu, kuma shekara biyu kawai gare ka ka shigar da ƙara. A irin wannan in ba asara babba ka yi ba ni ma ba zan ce ka je kotu ba.

Auta: Sun turo min imel wai za su ba ni baucha ta yuro 50 na yi wata tafiyar da su.

Barista: Kar ka danna amincewa. Ba za su iya biyanka da baucha ba sai ka sa hannu ka yarda, kuɗi doka ta ce. Masu karɓo wa mutane diyya kuma su kan cire kusan kashi ɗaya cikin uku, gwada da kanka tukuna.

Kawu: Fom ɗin kam ya cike, wannan ba ni da ja. Amma in ta kai ga kotu ni har yanzu ban ga riba ba.

Hajiya Umma: Barista in mutum yana tare da yara, kowa da nasa 250 ɗin ko na uban kaɗai za a bayar?

Barista: Duk yaron da aka saya wa kujera yana da nasa cikakke Hajiya.