Zuwa gandun Zion da Hajiya: a wace tasha za mu sauka?

Baban Sadiƙu: Assalamu alaikum jama'a. Hajiyarmu ta zo daga Kano, muna son kai ta gandun shaƙatawa na Zion da ke jihar Utah ta Amurka a watan Yuni, da ni da uwargida da yara. Sai na ji wai ba a shiga kwarin da ke cikin gandun da mota, bas ake hawa. Hajiya kuwa gwiwa na damunta, doguwar tafiyar ƙasa ba za ta yiwu ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, a taimaka mana da shawara.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. A gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne. Daga wajen Maris zuwa Nuwamba ana rufe titin da ya ratsa kwarin, ba a barin motocin masu ziyara su bi, sai a hau bas ɗin hukumar gandun. Tun 2000 ake haka, domin kwarin matsattse ne, motoci kuma sun yi masa yawa. Ba a biyan kuɗin bas, na shiga gandun kawai za ku biya a ƙofa. Tashoshi 9 ne, daga ofishin karɓar baƙi zuwa ta ƙarshe, Temple of Sinawava, tafiyar kamar minti 45. Ni a ganina bas ɗin ya fi wa Hajiya sauƙi, tana zaune a gefen taga duwatsun nan jajaye suna wucewa ta gabanta.

Injiniya: Abu biyu zan ƙara. Layin bas biyu ne, kada ku rikita su. Akwai na garin Springdale da ke bakin gandun, shi ma kyauta, yana kwaso mutane daga otal-otal ya sauke su a ƙofa. Daga nan a taka 'yar gada a shiga, sannan a hau na cikin kwari. Filin ajiye motoci na ofishin baƙi yana cika tun da safe, wanda ya makara sai ya koma cikin gari ya biya kuɗin ajiya. Na biyu, in daga Las Vegas za ku taso, tafiyar ta kusa awa 3, kuma agogon Utah yana gaba da na Nevada, jihar da Las Vegas take, da awa ɗaya. Mutane da yawa nan suke asarar safiyarsu.

Baban Sadiƙu: Wannan ta agogo ban san da ita ba. Na gode Injiniya. Ke nan gara mu kwana a Springdale?

Injiniya: In aljihu zai ɗauka, e. In ba haka ba ku duba garin Hurricane ko na St. George, sun fi araha, sai dai ku yi sammako bayan asuba.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, ku sauka a tasha ta 6, The Grotto. Daga nan ake hawa dutsen Angels Landing, kuma wanda ya je Zion bai ga can ba ai da saura.

Anti Likita: Auta, da tsohuwa mai ciwon gwiwa da ƙananan yara? A'a. Ƙarshen hanyar nan siririn doron dutse ne, sarƙa ake kamawa, rami dama rami hagu, kuma an sha rasa rayuka a wurin. Ban da haka, tun 2022 sai da takardar izini ake hawa, ita ma ƙuri'a ake fitarwa ta intanet. Baban Sadiƙu, ka ji tawa. Ku hau bas na farko-farko, kada ku sauka ko'ina sai tasha ta 9. A can akwai hanyar da ake kira Riverside Walk, an shimfiɗa mata siminti, tana bin gaɓar kogin Virgin kusan kilomita ɗaya da rabi. Da safe inuwa ce saboda tsayin duwatsun. Hajiya ta taka iya abin da za ta iya, inda ta gaji ta zauna. In kuna da keken guragu ku tafi da shi, bas ɗin yana ɗauka, hanyar ma tana biyuwa in akwai mai turawa. Sauran tashoshin kuwa ku bar su sai a dawowa, lokacin kun riga kun gan su ta taga kun san wadda ta kwanta muku.

Ɗan Autan Zaure: Na karɓa Anti. Amma shi Yaya, in yana da ƙarfin ƙafa, zai iya hawa zuwa Scout Lookout, wurin hangen da ke kan hanyar kafin a kai siririn doron, wannan ba ya buƙatar izini.

Anti Likita: Wannan kam ya iya, da sassafe, da ruwa isasshe. A Yuni zafi yakan kai digiri 38, wani lokaci ya wuce.

Maman Ummi: Inda simintin ya ƙare nan The Narrows ta fara, inda ake tafiya cikin ruwan kogin tsakanin bangon dutse biyu. Yara za su so tsoma ƙafa. A riƙe su da kyau, kada su sha ruwan, an yi gargaɗin wani gansakuka mai guba a kogin. In kuma an sanar da haɗarin ambaliya kada kowa ya shiga, ko da sama garau take a inda kuke, don ruwan da aka yi can nesa shi ke gangarowa.

Malam Babba: Ba wanda ya taɓo salla da abinci. Ku yi guzurinku daga gida, samun na halal a can sai an wahala. Ba a cin abinci cikin bas, ruwa a gora mai murfi kawai aka yarda da shi. Grotto ɗin da Auta ya ambata tana da tebura a inuwa, da ban-ɗaki, da famfon cika gora, wurin alwala ya samu ke nan. A tasha ta 5 kuma, gaban masaukin Zion Lodge, akwai filin ciyawa da wata ƙatuwar bishiya, nan ya fi dacewa Hajiya ta miƙe ƙafa. Matafiya ne ku, kuna iya haɗa azahar da la'asar.

Baban Sadiƙu: Allah ya saka da alheri Malam. To in gwiwar ta matsa har hawa bas ɗin ya gagara fa?

Anti Likita: Ka yi wa ma'aikatan ofishin baƙi bayani. Suna ba da izinin shiga da mota ga wanda larura ta hana shi hawa bas, su za su duba su yanke.

Injiniya: Ku duba allon lokaci a tasha kafin ku tashi, saboda lokacin bas na ƙarshe yana sauyawa da yanayi. Kada ku jira na ƙarshen ma, cika yake yi. Wanda ya rasa shi a tasha ta 9, kusan kilomita 13 ke gabansa a ƙafa cikin duhu. In kuma da sauran yini, babbar hanya mai lamba 9 a buɗe take ga motoci, ku bi ta ramin dutsen da aka buɗe a 1930 ku ga gabashin gandun.

Baban Sadiƙu: Shi ke nan, mun tsayar: kwana a Springdale, bas na safe zuwa tasha ta 9, salla a ta 6, hutu a ta 5. Maman Ummi, uwargida za ta kira ki kan maganar guzuri.

Maman Ummi: Ta kira bayan isha'i. Allah ya kai ku lafiya.