A jira izinin miji kafin a tura yarinya mai naƙuda babban asibiti?

Malamin asibiti, Miga: Ga abin da nake so mu duba. Yarinya 'yar shekara 16, cikin fari, naƙuda ta yi tsawo, miji yana ci-rani a Legas, waya ba ta shiga. Ni a ganina ba a fitar da matar mutum ba da yawunsa ba. In aka yi mata aiki ya dawo ya ce bai yarda ba, gobe babu magidancin da zai bar matarsa ta zo awo a ƙauyen.

Ungozoma, Ringim: Malam, jiran nan shi ke jawo yoyon fitsari. Idan naƙuda ta wuce awa 12 kai bai sauko ba, kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba. A shekarunta ƙugun ma sau da yawa bai gama buɗewa ba. A sa mata robar fitsari, a ɗaura ruwa, a nemi mota zuwa babban asibitin Jahun. Kuma don Allah ban da allurar ƙarin naƙuda, a hanyar da ta toshe mahaifa take fasawa.

Likita, Dutse: Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikaci ƙin ba da kulawar gaggawa, ko da wane dalili. Kuma ita yarinyar da za a yi wa aikin, an tambaye ta? Sai a yi ta magana da uwar miji tana kwance tana ji, kunyar ɗan fari ta hana ta ko nishi. A fitar da kowa, a yi mata bayani ita kaɗai. In jijjiga ce ba zancen tambaya: allurar magnesium sulphate, maganin jijjiga, giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sai mota.

Liman, Gujungu: Ceton rai larura ce. Miji ba shi da haƙƙin da ya kai a bar ta ta halaka.

Malamin asibiti, Miga: Allah gafarta Malam, na ji. To wa zai biya mota? Wa zai ba da jini? Doka ba ta sayen mai.

Ungozoma, Ringim: Wannan kam gaskiyarka, amma ba daren naƙuda ake warware shi ba. Tun zuwa awo na farko a kira mijin, ya ba da izini tun wuri gaban shaida, a rubuta a katinta. Haihuwar fari galibi a gidan iyaye ake yi, don haka a haɗa da lambar mahaifinta, da ta direba, da sunan mutum biyu da za su ba da jini.