Keken iska mai fiffike: wanda ya taɓa haɗawa a Damagaram ya ba mu labari

Mai walda na Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Tun hunturun bara nake fama da wani keke da iska ke turawa, ba inji, ba feda. Ƙafa uku na yi masa: ta gaba ta keken yara ce, da ƙafafuna nake juya ta, na baya biyu kuwa na tsohon babur ne. Da fari tamfol na ɗaura a jikin gora. Yana tafiya, amma sai iska tana bayana, in zan dawo sai dai na turo shi. Bana sai na yi masa fiffike tsayayye mai tauri, kamar na jirgin sama da aka kafa a tsaye, tsawo mita 3, faɗi mita 1. Sandar da yake juyawa a kanta na sa ta a tsakiyarsa cif, don a tunanina nan ne adalci. To da zarar iska ta taɓa shi sai ya fizge igiyar daga hannuna ya gicciye, keken ya yi tsalle gefe. Sau biyu yana kayar da ni. Na san ba ni kaɗai ba ne na taɓa wannan aiki a garin nan. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Malamin kimiyya

Wa'alaikumus salam. Malam, fiffikenka ba shi da laifi, mazaunin sandar ne bai yi ba. Ni ma abin da ya same mu ke nan da muka gwada ƙarami da ɗalibaina, wanda bai fi tsawon hannu ba. Ƙarfin da iska ke yi a jikin fiffike irin wannan, mai kumburi iri ɗaya dama da hagu, ba a tsakiya yake taruwa ba. Yana taruwa ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa, in ka auno daga goshi. A naka, santimita 25 ke nan. In sandar tana bayan wurin, kamar yadda ka yi, iska na taɓa shi sai ta ƙara murɗa shi, murɗawar ta ƙara mata ƙarfi, har ya gicciye. In ka matso da ita ɗan gaban wurin, ka ce santimita 20 zuwa 22, to da ka saki igiya zai juya da kansa ya fuskanci iska, ya daina ja. Wannan shi ne babban birkinka, don tamfol kana iya naɗe shi, fiffike kuwa ba ya naɗuwa.

Kada kuma ka ja igiyar da yawa. Karkata kaɗan yake so, digiri 10 zuwa 15 tsakaninsa da iskar da ke bugun fuskarka. In ya wuce haka iskar ta rabu da bayansa, turawar ta mutu, sai ture keken gefe kawai ya rage. Kuma ka lura na ce iskar da ke bugun fuskarka, ba wadda ke kaɗa ganyen bedi ba. Da keke ya fara gudu, gudunsa na haifar da tasa iska daga gaba, su haɗu da ta Allah su yi ƙarfi. Shi ya sa abin nan ke iya wuce iskar da ke tura shi sauri. A Maris na 2009 wani Baturen Ingila, Richard Jenkins, ya kai kilomita 202.9 a awa da keken iskarsa mai suna Greenbird a busasshen tabkin Ivanpah na Amurka. A Disamba na 2022 Glenn Ashby ya kai 222.4 da wani mai suna Horonuku a tabkin gishiri na Gairdner a Ostareliya, alhali iskar ranar ba ta fi wajen kilomita 40 a awa ba. Dukansu fiffike mai tauri ne, ba ƙyalle ba.

Tsohon kafinta na Birni

Ɗana mai walda, nawa ne nauyin fiffiken naka? Na tambaya ne don ku masu ƙarfe hannunku na da nauyi. Jikana ne ya dame ni sai da na yi masa ɗaya shekara biyu da suka wuce. Na farko na rufe shi duka da katako, mutum biyu ke ɗaga shi, keken kuwa ko iska ba ta yi ƙarfi ba sai ya riƙa layi. Na wargaza. Na biyu sai na yanka haƙarƙari takwas daga siririn falle, irin wanda muke rufe bayan kabad da shi, kowanne na huhhuda shi don ya rage nauyi, na jera su a jikin sandar. Goshin kaɗai na naɗe da fallen, bayan na jiƙa shi ya kwana don ya lanƙwasu bai tsage ba. Sauran jikin yadi ne.

Abu ɗaya da ya ba ni wahala shi ne bushewar hunturu. Katakon da na saya bai gama bushewa ba, cikin sati biyu gam ya saki, haƙarƙari uku suka karkace. Ka sayi katakonka tun kaka ka ajiye a inuwa, kuma kowace mahaɗa ka bi ta da ƙusa mai zare ban da gam. Sannan ka ɗaura wani ɗan ƙarfe a kan sanda gaban goshin don nauyin gaba da na baya su yi daidai. In ba haka ba, duk sadda keken ya ɗan karkata, nauyin bayan fiffiken ne zai juya shi, ba kai ba.

Ɗan kabu-kabu

Baba ya faɗi gaskiya a kan nauyi. Ni nawa darasin a ƙashin wuyana na koye shi. Abokina ne ya haɗa, ni nake hawa don na fi shi sanin tuƙi. Tsakanin ƙafafun bayansa mita 1 ne kacal, don ya iya shiga ƙofar zaurensu. Muka fita wani fako arewa da gari, gefen hanyar Tanut, cikin bazara. Tafiya na daɗi, sai ga guguwa ta taso daga cikin gonaki. Ban ankara ba ƙafar da ke ɓangaren iska ta ɗaga sama, kuma na naɗe igiyar a hannuna sau biyu, ban iya saki ba. Wata biyu ban hau babur ba, iyali na jira. Yanzu ƙarfen bayan ya kai mita 2, ana kwance shi a ɗaura a can, mazaunin kuma mun sauke shi har kusan ƙasa. Igiya a tafin hannu kawai, ba naɗi. Hular kwano kuma ba na hawa sai da ita.

Maganar fili kuwa, kada ku wahalar da kanku a rairayi, ƙafar keke nutsewa take ko iska ta kai yaya. Fako mai tauri za ku nema, ku zagaya shi da ƙafa tukuna ku tsince ƙayar aduwa da tsaida. Rana ɗaya mun yi faci huɗu.

Malamin kimiyya

Allah ya ƙara sauƙi. Lissafin abin da ya same ka ga shi: ƙarfin iska in gudunta ya ninka biyu, shi ninkawa yake huɗu. Fiffike mai murabba'in mita 3 a iskar kilomita 36 a awa yana jan kusan kilo 18. Ta kai 72, ya zama wajen kilo 72, kuma sama da kanka yake ja.

Maman 'yan biyu, tela a Zango

Sannunku da ƙoƙari. Ni na ɗinka wa ɗana rigar fiffikensa. Farin yadi mai kauri na sayo a kasuwar Dole, na yi masa ɗinki kamar rigar matashin kai, ƙarama kaɗan don ya shiga da ƙyar, muka bi da fenti har hannu uku sai da ya ɗaure kamar fatar ganga. Ƙwanƙwasa shi ka yi sai ya amsa.

Abin da nake roƙonku shi ne ku riƙa cire shi in kun gama. Namu ya bar shi tsaye a tsakar gida, ya ɗaure igiyar tam, wai don kada ya yi ta juyawa. Daren nan hadarin farkon damina ya taso daga gabas. Ina ɗaki na ji ƙara, ko da na fito keken ya kife, fiffiken ya karye a kan katangar maƙwabta, tazararsa da inda yaransu ke kwana ba ta fi taku uku ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Kuma ku nisanci burtali. Shanu ba su san abin ba, ba ya ƙara balle su ji zuwansa, sai dai su gan shi a kansu su watse.

Ɗalibi a jami'a

Iya, Allah ya kiyaye gaba. Ni ban haɗa ba tukuna, turawa kawai nake taya yayana. Amma abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne a 1967 an ratsa Sahara da irin waɗannan kekuna, masu ƙyalle, daga Beshar ta Aljeriya har Nuwakshot ta Muritaniya. Iskar da ta kai su ita ce wannan da ke cika mana ido da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu.

Mai walda na Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da ya faru. Baba, na auna shi, kilo 19 ne, na san ya yi yawa, amma na ce bari na gyara sandar tukuna. Na farke cikinsa na dawo da ita santimita 21 daga goshi, na sa rulma biyu sama da ƙasa, na ɗaura guntun ƙarfe a gaba kamar yadda kuka ce. Jiya bayan la'asar muka fita da yarona. Na tsayar da keken na saki igiya, sai fiffiken ya juya a hankali ya fuskanci arewa maso gabas ya tsaya cak, ko girgiza babu. Na ja kamar tsawon taƙi ɗaya, ƙafafun suka fara murzawa. Na gitta iskar na je ƙarshen fakon, na juyo na dawo inda yaron ke tsaye ban sauka ba. Karo na farko ke nan da ban turo shi da hannu ba.

Saura juyawa. In na juya ta cikin iska yakan mutu a tsakiya sai yaro ya tura, in na juya ta bayanta kuma fiffiken na wucewa da ƙarfi har ƙafa ɗaya ta ɗaga. Ɗan'uwa mai kabu-kabu, ta wane ɓangare kuke juya naku? Baba kuma, in ba damuwa, ranar Juma'a bayan an sauko zan zo Birni da kwali na zana haƙarƙarin nan naku.