Akwatin ƙaramar mesa: kafinta zan ba wa ko na kamfani zan saya?

Dan_Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Ina Manchesta ne, ina kiwon ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, yanzu ta kai wajen santimita 70 kuma robar da take ciki ta fara yi mata kaɗan. Na duba akwatin PVC (wata irin roba mai tauri) da ake sayarwa kuɗin ya ban tsoro wlh, shi ne nake tunanin in sayi katako wani abokina kafinta ya haɗa min. Wanne ya fi?

Maman_Ilham: Innalillahi. Maciji a cikin gida?? Duk kaji da tantabarun duniya sun ƙare ne ɗan'uwa? Allah ya shirya mana ku 😂

Dan_Gwammaja: Hajiya ba ta da dafi fa, kuma asalinta ma yankinmu ne, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da su zuwa Turai.

Abu_Hanif: Wa alaikumus salam. Ni na bi hanyar kafinta kuma na ji jiki. Irin wannan mesar danshi take so, kashi 60 cikin 100 ko sama, in ba haka ba saɓa ba za ta fita gaba ɗaya ba sai ka ga ta maƙale mata a ido da wutsiya. To danshin nan shi ne ya ci min katakon, ban shafa masa abin hana ruwa ba sai ƙasan ya kumbura ya fara fumfuna yana wari, na kwashe na zubar, kuɗi biyu kenan. In dai za ka haɗa to a shafe cikin sosai, a bi kusurwoyi da silikon irin na tankin kifi, ka bar shi ya sha iska har warin ya tafi kafin ka saka ta. Kuma kar ka yarda da katakon sida (cedar), mansa yana cutar da su.

Girma kuma kar ka yi na yanzu, za ta kai mita ɗaya da ɗori, ga tsawon rai sai ta yi shekara 20 ko 30. Ka yi santimita 120 tsawo, 60 faɗi, 60 tsayi, ka huta.

Injiniya_Sadi: Gaskiya in kana da hali PVC ɗin ka daure ka saya, ba ya ruɓewa, yana riƙe ɗumi, ga sauƙin gogewa. Na gilas mai raga a sama kyau ne kawai, danshi ta ragar yake gudu. Amma ko wanne ka ɗauka hita sai da tamostat (na'urar daidaita zafi), ɓangaren ɗumi wajen digiri 31, ɗayan 25 zuwa 26. Sannan ƙofa malam, ka sa mata makulli, da kai take ture murfi ta fice.

Dan_Gwammaja: Na gode ƙwarai. Bari in sai babbar roba ta zauna ciki tukuna in tara na PVC ɗin. Abu_Hanif wane irin abu ya kamata a shafa, ko da zan canza shawara?