Masu aiki da ɓeraye, ina naƙasasshen maniyyi yake makalewa?

'Yar Samaru: Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu kan siffar maniyyin ɓeraye, da hanyar masana Wyrobek da Bruce: a ba namiji sinadari, a jira mako 5, a ciro maniyyi daga ma'ajiyarsa da ke jikin maraina, a rina da iyosin, a ƙirga. Lafiyayyen kan maniyyi kamar lauje yake, da ƙugiyarsa. Ni kuwa ina ta cin karo da marasa ƙugiya, da masu naɗaɗɗen jiki, da masu wutsiya biyu. Waɗanda suka taɓa buɗe mace bayan barbara, don Allah, irin waɗannan suna kaiwa ga ƙwai kuwa?

Tsohon Ɗakin Gwaji: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na sha yi. Da sassafe za ki duba matan. Wadda kika ga farin toshi mai tauri a gabanta, an yi barbara da dare. In kika buɗe mahaifarta, cike take da maniyyi, mai kyau da maras kyau a cakuɗe. Amma ki wanko bututun ƙwai ki sa a ƙarƙashin madubi, sai ki ga kusan duk masu ƙugiya ne. A mashigar bututun nan ake tankaɗe su, wurin matsattse ne mai lanƙwasa. Wata masaniya, Halina Krzanowska, ta nuna haka a Foland tun 1974. Masu ɗan lahani kaɗan sukan kutsa, masu mummunan kai ne ke tsayawa.

Likitan Dabbobi: Gaskiya Malam ya faɗa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifar da na buɗe da rana ta yi sama: fararen ƙwayoyin jini sun cika wurin, wata ƙwayar ma na gan ta da kan maniyyi a cikinta, wutsiyar na waje. Waɗanda ba su wuce ba, nan ake cinye su.

Ɗan Osaka: Yaya, kada dai ki ɗora komai kan siffa. A nan Japan na yi aiki da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon ADAM3. Maniyyinsu ba abin da za ki kushe, kai daidai, iyo daidai, amma ba ya ƙetare mashigar, kuma ba a samun ciki. Sannan a 1996, a ɗakin gwajin masanin haihuwa Yanagimachi a Hawai ta Amurka, an ɗauki maniyyi masu karkataccen kai na wani nau'in ɓeraye da ake kira BALB/c aka tura su cikin ƙwai da allura, aka haifi 'ya'ya lafiya.

'Yar Samaru: Na gode ƙwarai. Ashe ƙirgen ma'ajiya kaɗai ba zai ba ni amsa ba. Malam, wane lokaci bayan ganin toshin ya fi dacewa a wanko bututun?

Tsohon Ɗakin Gwaji: Da zarar kin gan shi. Ki yanke bututun daga mahaifa kafin ki wanke, kar na ciki ya gauraye miki lissafi.