Me ake kai yaran Yahudawa nema a hamada cikin tsananin zafi?

Baban Ummi, Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da maƙwabci Bayahude, mutumin kirki, mun daɗe muna zaman mutunci. Ɗansa mai shekara 16 ya gama jarrabawar GCSE ta sakandaren Ingila, kuma ƙungiyarsu ta matasa za ta kwashe su zuwa Isra'ila a watan Yuli. Uban ya nuna mini tsarin tafiyar, na ga kwanaki da dama a hamadar Negev da bakin Tekun Gishiri: Masada, Ein Gedi, Avdat, Sde Boker. Ranar Masada an rubuta tashi ƙarfe huɗu na asuba. Ni Basakkwace ne, na san abin da rana ke yi wa mutum, ga shi yaron ko ɗan zafin Ingila ya taɓa shi sai ya yi jawur. Na ji nauyin tambayar uban. Me ke cikin duwatsun nan har iyaye suke yarda?

Mama Rifkatu, Jos:
Ɗan'uwa, na je Masada lokacin ziyarar Urushalima. Dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai, ya ɗaga kusan mita 400 sama da tekun. Mu tsofaffi keken igiya ya hau da mu, amma matasa da ƙafa suke bi ta Hanyar Maciji. Sammakon nan dole ne: in rana ta yi zafi rufe hanyar ake yi, kuma so ake fitowar rana daga duwatsun Jodan ta same su a sama.

Sarki Hiridus ne ya gina fada a wurin, da rumbunan abinci da manyan ramukan tara ruwa da aka sassaƙa cikin dutse. Bayan Romawa sun rushe Haikalin Yahudawa na Urushalima a shekara ta 70, 'yan tawayen Yahudawa da suka tsira suka fake a can. Wajen shekara ta 73 sojojin Romawa suka kewaye su, suka tara ƙasa suka yi gangara ta yamma. Har yau tana nan, na gan ta da idona, da sawun sansanoninsu a ƙasa. An ce mutum 960 suka zaɓi mutuwa a kan bauta. Yaron da ya hau da guminsa aka ba shi labarin nan yana haki, ba zai ɗauke shi kamar na aji ba. Ein Gedi kuwa inda Dauda ya ɓuya wa Sarki Saul ne, akwai ruwa mai sanyi da ke zubowa daga dutse.

Malam Sani, Zariya:
Mama ta yi bayani, sai dai a ƙara wannan. Labarin mutum 960 daga bakin marubuci ɗaya ya fito, Josephus, Bayahuden da ya koma ɓangaren Romawa. Da masanin kayan tarihi Yigael Yadin ya haƙa wurin daga 1963 zuwa 1965, ƙasusuwan mutum 28 ya samu, shi ya sa masana ke ta muhawara. Josephus ɗin dai ya ce mutanen Masada sun kai hari Ein Gedi sun kashe 'yan'uwansu Yahudawa. Jagora nagari zai faɗa wa yara wannan ma.

Ni Avdat ya fi jan hankalina. Garin Nabatawa ne, Larabawan da suka gina Petra, zango a kan hanyar fataken lubban daga kudancin ƙasar Larabawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Gaza. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005 tare da Shivta da Mamshit da Haluza. Ruwan saman wurin ba ya kai milimita 100 a shekara, amma an noma inabi, wuraren matsarsa suna nan. Katangun dutse suke jerawa a kwari su tare ruwan da ke gangarowa daga tuddai, kusan dabarar rabin-wata da manoman Tawa ke yi a Nijar. Sde Boker kuma can ne kabarin Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, wanda ya koma can da zama a 1953. Ka ga ashe ba tarihin dā kaɗai ake koya musu ba, har da son ƙasar yau.

Hajiya Balki, Damagaram:
Nan ne inda zuciyata take. A irin wannan tafiya akan kai su tantin Badawiyyai su kwana, a ba su shayi, su hau raƙumi. Amma mafi yawan Badawiyyan Negev an kore su ko sun gudu a yaƙin 1948. Cikin waɗanda suka rage, dubbai na zaune a ƙauyukan da gwamnati ba ta amince da su ba, babu ruwan famfo babu wuta. Ƙauyen Al-Araƙib an rushe shi fiye da sau 200. Baban Ummi, idan yaron ya dawo ka tambaye shi a hankali ko sun zauna da mutanen can sun ji ta bakinsu.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, zan tambaye shi, kuma na san gidan ba sa ƙin magana ta gaskiya. Mama, akwai abin da zan gaya wa uwarsa? Hankalinta a tashe yake.

Mama Rifkatu:
Ka ce ta sa masa hula mai faɗi da takalmin da ya saba da ƙafarsa, kada a sayi sabo. Ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo. In sun shiga Tekun Gishiri kuma ya kiyayi idonsa, kada ya yi aski ranar, gishirin na cin ko ƙaramin ƙwarzane.