Me za mu kira "renda" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ƙanena ya koyi Blender, wata manhajar zane a kwamfuta, yana zana wa masu shirin gini gidaje a nan Ringim da ƙauyukan kewaye, mutum ya ga gidansa tun ba a aza tubali ba. Kawunmu ya yarda zai biya a haɗa masa kwamfutar tebur. Da aka karanto masa jerin kaya, aka zo kan katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a kwamfuta, sai ya ce, "Kai yaro, wannan katin me yake yi da ya fi komai tsada?" Yaro ya ce renda yake yi. Kawu ya ce a faɗa masa da Hausa. Nan muka yi cirko-cirko.

Ga aikin. Ka gama zane, ka tsayar da bango, ka sa taga da fenti, ka nuna inda rana take. Har yanzu ƙwarangwal ne. Sai na'ura ta bi haske ɗigo-ɗigo, ta lissafa inda ya sauka, inda ya dawo, inda inuwa ta kwanta, har hoto ya fito kamar da kyamara aka ɗauka. In bidiyo ne mai hoto 24 a daƙiƙa, minti ɗaya hoto 1,440 ke nan.

An kawo "sarrafa hoto", amma ta yi faɗi, mai gyara hoton biki a waya ma sarrafawa yake yi. Wani ya ce "gashi" saboda zafin da katin ke ɗauka, sai dai Blender tana da wani aikin daban mai wannan sunan.

Ni a kan "wanki" na tsaya. Duk wanda ya riski zamanin fim ya san mai hoto zai ɗauke ka, hoton na ciki, amma ba ka ganinsa sai an kai wanki ka jira. An ƙalubalance ni cewa yau wanke hoto na nufin buga shi a takarda. Haka ne, shi ya sa nake cewa "wankin hoto a kwamfuta". Kada dai a ce "wankin zane", za a ɗauka na ɗaurawa ne.

Abin da ya ƙara min ƙarfi, kalmar ta sauƙaƙa mana zaɓen kaya. Na ce, "Kawu, ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar ƙwararru takwas ne ko sha shida. Katin hoto kuwa gayya ce, RTX 3060 kaɗai tana da ƙananan ma'aikata 3,584, kowa da ɗigonsa." Ma'ajiyar katin muka kira daro: in gidan da aka zana ya fi ƙarfin daro, wanki ya ja jiki ko ya tsaya cak. Don haka muka karkata ga 3060 mai gigabait 12, muka bar 4060 mai 8, duk da 4060 ce sabuwa. Ba kyauta ba ne fa: 3060 na jan wat 170, ita 4060 wat 115, mu kuwa da sola muke aiki, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To in daron ne babba, a saya. Amma ku lissafa min batir nawa wankin dare ɗaya zai ci."